Takardar gina kanel da na rubuta ta kwantar da laftof ɗin ɗan yayata, ina zan gyara?

Ustaz Taka, Kassala:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Matsala ce gare ni, kuma ni na jawo ta da hannuna.

Tun da muka baro Omdurman a 2023 muka sauka Kassala, ɗan ɗaki na samu ina koya wa yara kwamfuta bayan la'asar. Laftof shida ne, duk tsofaffi, duk Debian 12 ce a kansu, wani nau'in Linux, wadda ta zo da kanel 6.1, kanel kuwa shi ne zuciyar tsarin da ke sarrafa sassan na'ura. Manyan cikin ɗaliban suka matsa mini lamba sai na nuna musu yadda ake gina kanel daga tushe. Na kwana biyu ina rubuta musu takarda da Hausa, mataki tara. Ga ta yadda take, ban taɓa ko harafi ba:

1. Sauke `linux-6.12` daga kernel.org
2. Kwance shi da `tar xf`, ka shiga foldar
3. `cp /boot/config-$(uname -r) .config`
4. `make olddefconfig`
5. `make -j4`
6. `sudo make modules_install`
7. `sudo make install`
8. `sudo update-grub`
9. `sudo reboot`

Sau uku na bi ta a laftof ɗina, sau ukun na tashi lafiya, `uname -r` ya nuna mini 6.12. Har na fara jin kaina.

Ana nan sai ɗan yayata da ke Gadarif ya kira ni, ya sayi ɗan Wi-Fi na sokawa a USB, na'urarsa ta ƙi ganinsa. Na ce ai wannan mai sauƙi ne, sabon kanel kake buƙata, na tura masa takardar ta WhatsApp. Washegari ya turo hoton allo baƙi ƙirin, da wannan a ƙasansa:

`Kernel panic - not syncing: VFS: Unable to mount root fs on unknown-block(0,0)`

Daga nan layin waya ya ɗauke a wajensu kwana biyu. Yaron ya ɗauka na'urar ta mutu, ya kai ta kasuwa wajen wani mai gyara, shi kuma ya ce babu magani sai a goge diskin a sake zuba komai. Aikin kammala karatunsa na ciki, babu kwafi a ko'ina. Abin da ya cece mu kawai kuɗin hannunsa bai kai ba, ya dawo da ita gida. Da na same shi a waya na ce ya kunna, ya danna kibiyar ƙasa a allon GRUB, manhajar da ke zaɓar kanel ɗin da na'ura za ta tashi da shi, ya shiga Advanced options, ya zaɓi 6.1. Minti ɗaya bai cika ba ta tashi. Yayata har yau ba ta daina yi mini gori ba.

Tambayata biyu ce. Me ya sa takarda ɗaya ta yi aiki a wajena ta kwantar da tasa? Sannan yaya ake rubuta irin wannan umarni yadda wanda ba ya kusa da kai zai bi shi ba tare da ya faɗa rami ba? Mako mai zuwa nake son ba ɗalibai, amma yanzu hannuna ya yi sanyi.

Alhaji na Jidda:

Wa alaikumus salam Ustaz. Allah ya ƙara kiyayewa, ka gaishe da mutanen Kassala.

Shekara ashirin da wani abu ke nan ina kula da saba a nan, wato kwamfutocin da ke yi wa wasu hidima, kuma wannan saƙon na unknown-block(0,0) na san shi kamar yunwar cikina. Abin da yake cewa shi ne kanel ya tashi, ya nemi diskin da zai hau, bai same shi ba. A kanel irin na Debian, direbobin diski da na tsarin fayil yawancinsu modul ne, ba a cikin jikin kanel suke ba, ana tattara su ne a cikin `initrd.img`, GRUB ya loda shi tare da kanel. In babu initrd, kanel makaho ne.

To me zai hana a samu initrd? Ga zatona, yaron ya zo ya gaskata ko ya ƙaryata. Tsarin da ka kwafo a mataki na 3 yana kunna bayanan bin diddigin kuskure, waɗanda masu gyaran kanel ke buƙata. Debian in za ta haɗa nata ƙunshin tana sheƙe su daga modul. Matakinka na 6 bai sheƙe ba, don haka kowane modul ya kumbura ninkin ba ninkin. Da aka zo mataki na 7, `make install` ya kwafi kanel zuwa `/boot`, ya kira rubutattun umarnin da ke `/etc/kernel/postinst.d`, ɗaya daga cikinsu ya fara haɗa initrd da waɗannan kumburarrun modul. A na'urarka ina jin komai a ɓangare ɗaya yake, fili ya wadata. A tasa kuwa `/boot` keɓe yake kuma ƙarami ne, ya cika, aikin ya tsaya da kuskure. Ka lura da abin takaicin: da an tsaya a nan da babu abin da ya faru, domin GRUB bai san da sabon kanel ba tukuna. Matakinka na 8 ne ya gabatar masa da shi, ba initrd, shi kuma GRUB mai lamba mafi girma yake sawa a sama. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

Yaro, in kana karantawa, buga `df -h /boot` da `ls -lh /boot` ka faɗa mana.

Gyaran wannan guda kalma ɗaya ce: `sudo make INSTALL_MOD_STRIP=1 modules_install`. Amma ni da ni ne, mataki na 6 da na 7 da na 8 duk zan share su. A Debian `make -j4 bindeb-pkg` ake yi. Zai fitar maka da fayilolin `.deb` a foldar da ke sama da wadda kake ciki, ya sheƙe modul da kansa, ya ware bayanan bin diddigi a wani ƙunshi daban mai `dbg` a sunansa wanda ba sai ka sa ba. Ka sa `linux-image` da `linux-headers` ta hanyar `apt`, manhajar sa ƙunshi ta Debian. Ribar ita ce na'ura ta san abin da ke kanta, ranar da ka gaji da shi `apt purge` ɗaya ya isa, ba sai ka bi `/boot` da `/lib/modules` kana tsince-tsince ba. Ga ku da ke fama da wuta da tsadar data kuwa, ka gina sau ɗaya, ka zuba a filas, ka zaga laftof shidan.

Ita kuwa tambayarka ta biyu, tsarin takardar ne a kife. Ka fara da shiga, ba ka faɗi mafita ko'ina ba. Ni duk takardar da na rubuta wa yaran da ke aiki ƙarƙashina, shafin farko na komawa baya ne, kuma ba karantawa kawai za su yi ba, sai sun yi da hannu. Kafin mutum ya sauke komai, ya sake kunna na'ura, ya shiga Advanced options, ya ga jerin da idonsa, ya rubuta lambar kanel ɗin da ke masa aiki a kan takarda ta gaske. A Ubuntu allon GRUB a ɓoye yake, sai an riƙe Shift ko an danna Esc, wannan ma a faɗa. A rubuta da manyan baƙaƙe kada a cire tsohon kanel, da tsohuwar zuma ake magani. Mutanen FreeBSD sun daɗe da gane wannan, `make installkernel` da kansa yake mayar da na da `/boot/kernel.old`, kuma suna da fayil mai suna UPDATING da ake karantawa kafin a taɓa komai.

Sauran abubuwan da na ga babu: ba ka ce a duba fili ba, alhali gini da cikakken tsarin Debian yana cin gigabait fiye da goma. Ba ka ce a buga `mokutil --sb-state` ba. Shi zai nuna ko Secure Boot, tsaron da ke tantance abin da na'ura za ta tashi da shi, na kunne. In yana kunne, kanel ɗin da ba a sa wa hannu ba ba zai tashi ba, GRUB zai ce bad shim signature. Ba ka ba kanel ɗin suna ba. `CONFIG_LOCALVERSION` an yi shi ne don haka, ka sa masa `-kassala1`, gobe `-kassala2`, kada na biyu ya hau kan na farko. Sai sa hannu: kernel.org na ajiye fayil `.tar.sign` kusa da kowane kanel, kuma a kan `tar` kwantacce aka sa hannun, ba a kan `.xz` ba, shi ya sa ake yin `xz -cd` a miƙa wa `gpg --verify`. Da irin intanet ɗinku mai yankewa, wannan ne ma zai gaya maka ko fayil ɗin ya sauka cikakke.

Ɗan Gadarif:

Ina wuni Baba Alhaji. Kawu, ni ne, na yi rajista yau don wannan maganar.

Baba ya canka daidai. `/boot` ɗina bai kai megabait 500 ba. Lokacin da na sa Debian na zaɓi a rufe diskin da kalmar sirri saboda yawan tafiye-tafiye, ashe shi ya sa aka ware masa ɗan wuri daban. Na duba, akwai `vmlinuz` na 6.12 amma babu `initrd.img` nasa, na 6.1 kaɗai ke nan. Foldar modul ɗin sabon kuwa gigabait da yawa ce, ta tsohon ba ta kai rabin gigabait ba.

Gaskiya na ga kuskuren. A mataki na 7 rubutu ya yi ta gudu, can na hango No space left on device, a ƙarshe kuma Error 1. Amma Kawu, tun mataki na 4 nake ganin gargaɗi iri-iri, kuma komai ya ci gaba. Ban san wanne ne na tsayawa wanne ne na wucewa ba. Takardar ta ce 7, ta ce 8, ni kuma na bi. Na ma ce a raina, `/` ɗina ai da fili, to wane wuri ne ya cika?

Wani abu kuma, kada ka ji haushi. Tun mataki na 4 na maƙale, ya ce babu `flex`, na sa, ya ce babu `bison`, na sa, can gaba ya nemi `libssl-dev` da `libelf-dev` da `bc`, kowanne sai na je na nemo sunansa a waya. Kai suna kan na'urarka tun da daɗewa shi ya sa ba ka tuna da su ba. Sannan ba ka ce aikin zai daɗe ba. Na fara bayan isha'i da tunanin rabin awa ne, wuta ta ɗauke ƙarfe sha ɗaya, batir ya ƙare yana tsaka da gini. Da safe na sake buga `make` cikin tsoro, sai na ga ya ɗora daga inda ya tsaya. Da na san haka da na yi barci.

Wi-Fi ɗin kuwa har yanzu da waya nake haɗawa.

Ustaza ta Port Sudan:

Sannunku da ƙoƙari. Ni ba gwanar kanel ba ce kamar Alhaji, sau huɗu ko biyar na taɓa ginawa. Amma shekara tara na yi ina rubuta wa ɗalibai takardun aikin ɗakin gwaji, kuma abin da yaron nan ya faɗa shi ne cibiyar maganar: bai san wanne ne na tsayawa ba. Laifin ba nasa ba ne.

Ustaz, abin da ka rubuta tunatarwa ce ga wanda ya riga ya iya. Kai in ka ga `sudo make install` kana ganin abu biyar a bayansa, shi layi ɗaya yake gani. Yadda nake yi, kowane mataki da ƙafa uku yake tsayawa: abin da za ka buga, abin da za ka gani in ya yi, da abin da za ka yi in ba ka gani ba. Na ukun sau da yawa kalma biyu ce, tsaya nan. Misali bayan sa kanel sai a rubuta: buga `ls -lh /boot`, dole ka ga `vmlinuz` da `initrd.img` masu lamba ɗaya, su biyun. In ɗaya kaɗai ka gani kada ka kashe na'urar, ɗauki hoton allo ka turo. Da wannan layin yana cikin takardar da yaron bai je kasuwa ba. Ka kuma koya musu `echo $?` tun farko, sifili na nufin lafiya, kowace lamba daban na nufin an samu matsala, komai yawan rubutun da ya gudana. Inda umarni biyu ke bin juna ka haɗa su da `&&`, na biyun ba zai tashi ba in na farko ya faɗi. Gara na'ura ta tsayar da shi da a bar shi da hukunci.

Akwai wata masifa tamu ta nan da takardun Turawa ba za su taɓa ambata ba. Yaranmu rabinsu da Larabci suka yi makaranta, kuma na tabbata wani zai ce a juya masa takardar. Ranar da ka sa umarni a tsakiyar layin Larabci, rubutun dama zuwa hagu zai kwashe ɗigo da karan da ke gefe ya kai su ɗaya ɓangaren. `.config` ya bayyana kamar `config.`, yaro ya kwafa da ido yadda ya gani. Na yi asarar darasi guda cur a kan wannan. Don haka kowane umarni a layinsa shi kaɗai, ba kalmar Larabci ko Hausa a gefensa. Haka kibod ɗin waya da manhajojin rubutu, suna son mayar da kara biyu `--` dogon kara guda, su lanƙwasa alamar zance. Kada ka tura a matsayin saƙo, ka tura fayil na rubutu zalla. Kuma ka daina sa `$` ko `#` a farkon layi in har kana yi, suna kwafa da su.

A saman takardar ka rubuta ranar da ka gwada ta, a kan wace Debian, da wane kanel, da girman abin da za a sauke, wanda ya haura megabait 130, da kimanin awannin da ya ɗauka a na'urarka. Dalilin ranar shi ne intanet cike take da tsofaffin umarni marasa kwanan wata. Har yau ɗalibi kan zo mini da shafin da ke cewa a buga `make dep`, abin da aka daina buƙata tun kanel 2.6 na 2003, ko a gudanar da `lilo`, wanda aka daina raya shi a ƙarshen 2015. Takardarka ma za ta tsufa, ka bar mata shaidar haihuwa.

Kafin ka sake rubutawa, buɗe foldar kanel ɗin da ka sauke, ka shiga `Documentation/admin-guide`, akwai `quickly-build-trimmed-linux.rst` da Thorsten Leemhuis ya rubuta, ya shiga a 2023. Ba don ka fassara ba, don ka ga fasalinsa: gajerun matakai a sama, dogon bayanin kowanne a ƙasa, mai sauri ya bi na sama, mai tambaya ya sauka. Har da sashen yadda ake cire kanel ɗin daga baya. `Documentation/process/changes.rst` kuma shi ke da jerin kayan aikin da ake buƙata da mafi ƙarancin lambarsu.

Sai gwaji. Sau ukun da ka yi a laftof ɗinka ban ƙirga su ba. Ka nemo mafi rauni cikin manyan ɗalibanka, ka ba shi na'urar da aka sa wa Debian sabuwa fil, ka miƙa masa takardar, ka zauna a bayansa da kofin jabana, gahawarmu ta nan, ka ɗaure bakinka. Duk inda ya ɗago kai ya dube ka, sa alama a wurin. Yana da wuya, ni hannuna har ƙaiƙayi yake yi in karɓi kibod ɗin.

Mai Shagon Sannar:

Ku yi haƙuri zan zo da tawa daban. Duk wannan dogon bayani, ba wanda ya tambayi ko yaron na buƙatar gina kanel tun farko. Ba ya buƙata. Wi-Fi yake so, ba ilimin kanel ba.

Debian na da ma'ajiyar backports, inda ake kawo sabbin manhajoji ga tsohuwar fitowa, kuma 6.12 na cikin ta Debian 12. A ƙara layinta, a buga `sudo apt install -t bookworm-backports linux-image-amd64`, shi ke nan. An sheƙe shi, an sa masa hannu, Secure Boot ba zai yi gardama ba, gyaran tsaro kuma zai riƙa zuwa ta `apt`. Debian 13 da ta fito a Agustan 2025 ma da 6.12 ta zo. Wanda ka gina da hannunka kuwa, duk ranar da aka toshe wata ɓaraka sai ka sake zama ka gina, kuma mun san ba za a yi ba. Laftof nawa aka kawo mini shago da kanel ɗin da wani ya gina shekara biyu baya ya manta da shi?

Kuma ma wa ya ce kanel ne matsalar? Sau da yawa direban na nan, ɗan fayil ɗin da ake loda wa na'urar kanta ne babu. Tun Debian 12 aka ware musu sashe mai suna `non-free-firmware`. Yaro, soka abin, ka buga `lsusb` ka ga lambarsa, ka buga `sudo dmesg` ka duba layukan ƙarshe. In ka ga failed to load da sunan fayil, to ƙunshi ɗaya ne tsakaninka da intanet, kawunka ya sa ka kwana kana dafa laftof a banza.

Ustaz, ni matakin farko da zan sa a takardar shi ne: kada ka yi, sai in ka gwada waɗannan biyun sun ƙi.

Alhaji na Jidda:

Mai Shago ya yi gaskiya a kan yaron, ban yi gardama ba, ni ma ya kamata in fara da nan. Amma ɗaliban Ustaz ilimin suke nema, kuma wanda bai taɓa kwantar da na'ura ya tashe ta ba, ban cika sakin jiki in ba shi saba ba. Takarda biyu ce ke nan, kada a haɗa su.

Abu ɗaya zan ƙara tun kafin wani ya kawo shi. Za a ce maka ka yi `make localmodconfig` don gini ya yi sauri, kuma gaskiya ne, yana rage awanni ya koma mintoci a na'ura mai dama-dama, domin yana duba `lsmod` ya kashe duk modul ɗin da ba a loda ba a lokacin. To ka ga tarkon: na'urar da ba a gane ta ba, ba ta da modul a lode. Wato direban da ka tashi ginin dominsa shi ne farkon wanda za a yanke. Haka filas ko firinta da ba a soka ba tun da aka kunna. In kuma za ka gina a laftof ɗinka ka kai wa wasu, sai ka karɓo `lsmod` na kowace ka miƙa ta `LSMOD=`, in ba haka ba ka ɗinka riga da awon wani.

Na tuna kuma, wanda ke kan Ubuntu in ya kwafi tsarinsa gini zai tsaya yana neman `canonical-certs.pem`, fayil ɗin da babu shi a kanel na kernel.org. Ana wofintar da `SYSTEM_TRUSTED_KEYS` da `SYSTEM_REVOCATION_KEYS` da `scripts/config`. Ko ka sa wannan, ko ka rubuta a sama cewa takardar ta Debian 12 ce kaɗai. Ni na biyun zan zaɓa.

Ustaz Taka, Kassala:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na sha kunya amma na ƙaru.

Alhaji, na duba tawa. Initrd ɗin da na gina ya ninka na Debian sau da yawa. Dama na lura na'urar kan daɗe a Loading initial ramdisk, na ce tsufa ne. Ashe ciwon ɗaya ne da na yaron, ni dai ɗakina ne ya fi faɗi.

Na sake rubutawa, yanzu shafi huɗu ce. Ta buɗe da maganar Mai Shago, duk da ya ce na dafa laftof a banza. Sai komawa baya, da hoton allon GRUB da na ɗauka da waya na zagaye Advanced options da jan biro. Sai duba fili da Secure Boot da batir. A nan na rubuta cewa gini in wuta ta yanke ana iya ɗorawa, in kuma ya fara kawo kuskuren da ba a gane ba bayan yankewar a yi `make clean`, wanda ba ya taɓa `.config`, ba `make mrproper` ba, wanda ke share shi. Amma sa kanel ba a fara shi sai batir ya haura rabi. Na koma `bindeb-pkg`, kuma da na gwada a sabuwar Debian ya nemi `debhelper` da `rsync` bayan waɗanda ɗana ya lissafa, na ƙara su.

Ustaza, jiya na yi gwajinki. Yarinya ce na zaɓa, ba don rauni ba, don ita ce ba ta jin kunyar cewa ban gane ba. Sau bakwai ta ɗago kai. Mafi ban dariya, na rubuta a shiga foldar, ta ce wace folda, akwai biyu. Mafi ban tsoro, na rubuta a sa fayilolin `.deb`, ta kusa sa har da na `dbg`, da mun koma gidan jiya ta wata ƙofar. Sau ɗaya na kasa daurewa na yi magana, na amsa laifina. Laftof ɗin kuma ya yi zafi har ya kashe kansa, sai da muka ɗora shi kan bulo biyu gaban fanka muka rage zuwa `-j2`. Wannan ma ya shiga takardar.

Saura abu ɗaya da ban warware ba. In gyara ya fito, a ce daga 6.12 zuwa wani 6.12 mai ƙarin lamba, ba na son yara su sake sauke megabait ɗari da wani abu. Na ga kernel.org na ba da faci, ɗan fayil mai ɗauke da canje-canjen kaɗai, amma na karanta cewa facin a kan 6.12 na asali ake ɗora shi, ba a kan wanda aka riga aka yi wa faci ba. Alhaji, a takarda wanne ya fi sauƙin bayani ga mai koyo, a ce ya ajiye na asalin a filas kullum ya kwance sabo, ko a koya masa cire tsohon faci da `patch -R`?

Ɗan Gadarif:

Kawu, kafin Baba ya amsa. Na bi maganar Mai Shago, `dmesg` ya nuna failed to load da sunan wani fayil. Na sa ƙunshin, na cire abin na sake sokawa, fitilarsa ta kama. A kan 6.1 nake rubuto wannan. Na kuma kwafe aikina a filas biyu, ɗaya na wajen Umma. Turo mini sabuwar takardar duk da haka, amma fayil, ba saƙo ba.